'YAN FANSHO DA SHUGABANNIN ƘUNGIYA: WA ZAI BIYA KUƊIN MAGANI?

Duk wanda ya san Birnin Gwari ya san ba a raba garin da dajinsa. Tun cikin 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun En'e, daga baya a 1999 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa. A tsawon shekarun nan mutane da yawa sun ci abinci a gefen dajin nan da aikin hukuma: malaman daji, da akawuna, da ma'aikatan asibiti, da malaman makaranta waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a Kuyello da Dogon Dawa da Randagi. Yau da yawansu sun ajiye aiki, tsufa kuwa ya iso da 'yan rakiyarsa, watau hawan jini da ciwon sukari da yanar ido da ciwon gwiwa.

Akwai babban asibiti a garin, amma in ciwo ya gagara sai a ce a tafi Kaduna ko Shika. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna ya fi kilomita 100, hanyar kuwa ta yi shekaru 'yan bindiga na tare ta, har mutum ya kan yi sallama da iyalinsa kafin ya hau mota. Cikin Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin bayan sulhun da aka ƙulla, aka sake buɗe kasuwar kara. To, ko hanya ta buɗe, kuɗin mota da na ɗan rakiya da na gwaji da na maganin wata-wata duk daga fanshon nan guda za su fito. Shirin inshorar lafiya na ma'aikatan Tarayya, wanda ya fara aiki a 2005, an tsara shi ne ya rufe ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu muddin yana bakin aiki. Ran da ya ajiye, ya fita daga inuwarsa, daidai lokacin da rana ta fi zafi.

Dalilin da ya sa ke nan muka ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu labarin wata rigima da aka yi a birnin Niyu Yok na Amurka, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A can, duk wanda ya kai shekara 65 yana shiga shirin Gwamnati mai suna Medicare, wanda ke biyan kamar kashi 80 cikin ɗari na kuɗin likita. Sauran kashi 20 ɗin, hukumar birnin ce ke ɗauke wa tsofaffin ma'aikatanta, kuma da yawansu sun ce alkawarin nan ne ya sa suka yi haƙuri da ƙaramin albashi shekara da shekaru. Cikin 2014, sa'an nan kuma cikin 2018, hukumar birnin da haɗaɗɗen kwamitin ƙungiyoyin ma'aikata suka yi yarjejeniya za a rage abin da a ke kashewa kan lafiya, ƙarin albashin masu aiki kuwa yana rataye da wannan ragi. Da aka zo neman inda za a yanka, sai wuƙa ta faɗa kan tsofaffi. A 2021 aka ba da sanarwa za a kwashe 'yan fansho wajen 250,000 a danƙa lafiyarsu ga kamfanin inshora, birnin ya tsira da dala miliyan 600 kowace shekara. Wanda ya ce shi tsohon shiri ya ke so, sai ya riƙa biyan dala 191 a wata.

Shugabannin ƙungiya suka ce sabon shirin bai gaza tsohon da kome ba. Tsofaffi suka ce ba su yarda ba, domin a hannun kamfani akwai ayyukan da sai an nemi izninsa kafin a yi wa majinyaci, kuma ba kowane likita ke karɓar takardarsa ba. Amma abin da ya fi ci musu rai shi ne, waɗanda suka zauna teburin ciniki da sunansu, su ne suka sa hannu. Ɗan fansho ba ya yajin aiki, domin ba shi da aikin da zai bari, ba ya kuma cikin masu jefa ƙuri'ar amincewa da yarjejeniyar albashi. Shugaba kuwa, ko a ina ya ke, ya fi jin muryar wanda zai iya rufe makaranta gobe da safe.

Sai suka kafa tasu ƙungiya ƙarƙashin Marianne Pizzitola, tsohuwar ma'aikaciyar motar ɗaukar majinyata, suka yi karo-karo suka ɗauki lauya. Cikin Maris 2022 alƙali Lyle Frank ya hana a karɓi dala 191 ɗin nan. Magajin Gari Eric Adams ya sake dabara a 2023, ya ƙulla da kamfanin Aetna, alƙalin ya sake tsai da shi.

A ganinmu dai, abin da ya faru wajen kotu ya fi wanda ya faru cikinta ma'ana. Ƙungiyar malaman makarantun birnin, UFT, ɓangare guda ne ke riƙe da ita tun shekarun 1960, shugabanta Michael Mulgrew kuwa yana cikin manyan masu goyon sabon shirin. Cikin Yuni 2024 aka yi zaɓen reshen malamai 'yan fansho, reshen da a da a ke ɗauka kamar rumbun ƙuri'un shugabanni ne. Tsofaffin malamai suka tsai da nasu mutane, suka ci da wajen kashi 63 cikin ɗari, Bennett Fischer ya zama shugaban reshe. Ba a yi kwanaki da yawa ba Mulgrew ya janye goyon bayansa. Cikin Yuni 2025 babbar kotun jihar ta ba hukumar birnin gaskiya, amma duk da haka bayan kwana biyu Magajin Gari ya ce ya fasa. Watau sun sha kaye a shari'ar, abin da suke nema kuwa ya zauna a hannunsu.

Kada mu yi wa shugabannin ƙungiya rashin adalci. Kuɗin magani na hauhawa ko'ina, kuma shugaban da ya dawo daga teburin ciniki hannu rabbana, masu aiki ba za su bar shi ya kwana a kujera ba. Laifinsu shi ne sun yi ciniki da kayan mutum ba shi a wurin.

A nan gida akwai abin kamawa ga mai son kamawa. Sashe na 210 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a riƙa duba fanshon ma'aikatan jihohi duk shekara biyar, ko kuwa duk sa'ad da aka duba albashi; a 2024 kuwa an ɗaga mafi ƙanƙantar albashi zuwa naira 70,000. Jihar Kaduna ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, da dokar 2018. Dokar Tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi, har da tsofaffi. Doka dai tana kan takarda; mai ɗauko ta ya kai ta ofis ya zauna har a ba shi amsa, shi ne ƙungiya, ita kuwa da kuɗin 'ya'yanta ta ke tafiya.

Saboda haka malamin da ke koyarwa yau a Kuyello, da akawun da ke sakatariyar Birnin Gwari, in wakilin ƙungiya ya zo taro na gaba, ya kamata su tambaye shi a gaban jama'a: ran da muka ajiye aiki, katin asibitinmu zai ci gaba da aiki ko zai mutu? In zai ci gaba, wa zai biya, kuma a wace takarda aka rubuta? Su kuma nemi a sa ɗan fansho guda cikin masu zuwa Kaduna ciniki, wanda 'yan'uwansa suka zaɓa da hannunsu.