Koyon Tuƙin Tuwo ta Waya

Tun da wayar hannu ta shiga kowane gida, amare suka samu makarantar da iyayensu ba su samu ba. Yarinyar da aka kai Kaduna daga Gumel, ranar da za ta fara girki sai ta ɗora tukunya, ta maƙale waya a kafaɗa, ta kira gida. "Umma, ruwan ya tafasa, in zuba garin?" Uwar ta ce, "A'a 'yar nan, dama shi da ruwan sanyi tukuna, ki yi talge, kada ya yi miki gudaji." Haka za a bi daki-daki har a tuƙa, a rage wuta, a rufe ya turara, a kwashe. Tuwon kuma yakan yi, domin abin da uwar ta faɗa daidai ne, ga tukunya kuma a kan wuta.

Amma akwai abin da waya ba ta ɗauka. Uwar ba ta ganin yadda 'yarta ta riƙe muciya. Ba ta san garin masarar can ya fi na dawar gida shan ruwa ko bai kai ba. In aka zo kan miya, ba ta da harshen da za ta ɗanɗana gishiri daga Gumel. Wannan sai maƙwabciyar da ta leƙo, sai kuma waɗanda za su ci.

Kusan haka lamarin yake ga ma'aikatan raya karkara da ke koyon bincike tare da al'umma ta intanet: malaman gona, jami'an lafiya, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Irin wannan bincike ya sha bamban da wanda aka saba, inda baƙo zai zo da takardar tambayoyi, ya cika, ya koma birni, mutanen gari ba su sake jin ɗuriyarsa ba. A nan mutanen garin ne ke faɗin abin da ya dame su, da su ake tattara bayani, da su ake auna shi, kuma a hannunsu sakamakon yake zama.

Tushensa ba a manyan jami'o'in Turai yake ba. Paulo Freire ya koyar da manya karatu a arewa maso gabashin Brazil ta hanyar tattauna rayuwarsu. Orlando Fals Borda ya yi aiki da manoman Kolombiya. Budd Hall ya tsinci hanyar a Tanzaniya ta zamanin Nyerere, farkon shekarun 1970, yana aiki a cibiyar ilimin manya ta Dar es Salaam. Rajesh Tandon ya kafa ƙungiyar PRIA a New Delhi a 1982, wadda daga baya ta buɗe darussan koyo daga nesa ga ma'aikatan ci gaba. A 2012 Hall da Tandon suka karɓi jagorancin wata kujerar UNESCO kan bincike tare da al'umma, a 2017 kuma suka fara wani shiri na horar da masu horarwa, wanda ke da rassa a ƙasashe da dama, har da Jami'ar Gulu ta Uganda. Tsarin horon nan ya ƙunshi mako 21: karatu ta intanet, haɗuwa ido da ido na mako biyu, da aikin fili a cikin al'ummar da ɗalibi yake. Dubi yadda waɗanda suka fi kowa sanin aikin ba su yarda allon kwamfuta ya wadatar ba.

Ni ina cikin masu ganin koyo daga nesa ya dace da wannan fanni fiye da yadda ake zato, kuma dalilina shi ne tukunyar nan da ke kan wuta. Bitar da aka saba yi, ta kwana uku a ɗakin taron otal, tana ciro ma'aikaci daga wurin aikinsa. A haɗa shi rukuni da abokan aiki, wannan ya zama mai gari, wancan ya zama manomi, a zana taswirar ƙauyen da babu shi a farar takarda, a tafa, a watse. Wanda ke karatu daga nesa kuwa bai je ko'ina ba. Da dare ya karanta yadda ake tsara kalandar shekara da manoma, gobe da hantsi yana gindin bishiya a ƙauyen da yake aiki, ya gwada, ya ga inda ta cije, ya koma ya tambayi malaminsa. Ga matar aure mai aikin lafiya a karkara, wadda barin gida na wata guda ba ƙaramin abu ba ne gare ta, wannan ita ce ƙofar da ta buɗe.

Sai dai jigon aikin ɗabi'a ce, ɗabi'a kuwa ba ta bin waya. Robert Chambers na Jami'ar Sussex ta Ingila ya daɗe yana nanata wa masu wannan aiki su miƙa sanda, wato su bar mutanen gari su riƙe abin nuni, su kuma su zauna su saurara. A littafinsa na 1983 ya lissafa yadda baƙo ke kuskure talauci ba da niyya ba: yana bin inda kwalta ta kai, yana zuwa da rani lokacin da hanya ke da kyau kuma rumbu bai ƙare ba, yana magana da manya da maza da masu faɗa a ji. Duk wannan ana iya karantawa a waya, a ci jarrabawa a kansa.

To amma a zo fagen. An share fili a ƙofar gidan mai unguwa, za a zana taswirar gari a ƙasa. Wani dattijo ya ja layi da kara, ya ce ga hanyar kasuwa. An ajiye dutse, rijiya ke nan. Yaro ya kawo toka aka zagaye fadama. Ana cikin haka sai wani ya ce rijiyar gabas ba ta ƙafewa, wani ya ce tun watan uku take ƙafewa, gardama ta kaure. A daidai wannan lokaci ake gane wanda ya iya. Wanda bai iya ba zai tsoma baki ya raba gardamar don lokaci na tafiya, ko ya karɓi karan ya gyara layin da ya ga ya karkace. Wanda ya iya zai yi shiru, ya lura cewa masu ɗebo ruwan, wato mata da yara, babu ko ɗaya a wurin. Zai nemi izini a sake zama a cikin gida, wata abokiyar aikinsa ta jagoranta, kuma taswirar da matan za su zana ba za ta zo ɗaya da ta mazan ba. Malamin da ke Delhi ko wata ƙasa mai nisa ba ya ganin ko ɗalibinsa ya zauna a kujera ne jama'a na tabarma. Ba ya jin ko ya gaisa yadda ya kamata, ko ya katse tsoho yana magana. Rahoton da za a tura masa zai zo tsaf ko da miyar ta yi lami.

Shi ya sa mai wannan karatu yake bukatar mai ɗanɗana masa a kusa, wani gogaggen ma'aikaci da zai raka shi fili ya gaya masa gaskiya a hanyar dawowa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma yankinmu bai rasa irin waɗannan mutane ba, domin sauraron manomi ba baƙon abu ba ne a nan. Daga tsakiyar shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa na Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi manoman ƙauyukan Zariya gona-gona. A lokacin ana ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin rashin wayewa. Binciken ya nuna manomin ya san abin da yake yi: haɗin yana ba shi riba, yana kuma rage masa asara idan damina ta yi gardama. A Maraɗi, daga shekarun 1980, manoma ne da kansu suka yaɗa dabarar barin tohon kututture ya girma a gona, gona ta koya wa gona, har bishiyoyi suka dawo a miliyoyin hekta na kudancin Nijar.

Abin da ke damuna shi ne takardar shaida. Ma'aikaci na iya kammala darasi ta waya bai taɓa zama da jama'a ba, ya sa shaidar a takardun neman aiki, gobe a ba shi gari guda ya "tattauna" da shi. Sakamakon shi ne taron da aka riga aka yanke hukuncinsa a ofis, a tara mutane su ɗaga hannu, a ɗauki hoto. Mutanen karkara suna gane irin wannan taro tun daga sallama, kuma sukan ba baƙo amsar da suka ga yana so. Wanda zai zo bayansa da zuciya ɗaya shi zai biya bashin.

Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne. Ofishin da ya amince ma'aikacinsa ya shiga irin wannan karatu, ya kamata ya sauke masa wani aikin, ya ba shi kuɗin data da na mota, domin yawanci bayan isha'i ake karatun, da gajiya, da sabis mai ɗaukewa. Masu shirya darasin su ma su rage dogon bidiyo, su yawaita saƙon murya da rubutun da ƙaramar waya za ta iya saukewa. Sannan ga batun harshe. Darussan da Ingilishi ko Faransanci suke zuwa, zaman kuwa da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ake yinsa. Ya kamata kafin a ba kowa shaida, a ɗora masa sharaɗin komawa garin da ya yi aikin, ya karanta musu abin da ya rubuta da harshensu, maza a dandali, mata a cikin gida, ya rubuta gyaran da suka yi masa, ya haɗa da rahoton da zai tura wa malaminsa.