Ilmin Sarrafa Kasuwanci A Matsayin Darasi Na Biyu: Inda Manyan Makarantun Lafiya Suka Tsaya

LAFIYA — Tun ranar 1 ga watan Oktoba na 1996 da aka yanke Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, garin Lafiya ya tashi daga hedikwatar masarauta da kasuwar doya ya koma mazaunin gwamnati, daga baya kuma ya zama garin ɗalibai. A nan ne aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011, a nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai na Ɗaya take, haka kuma Kwalejin Aikin Gona ta jihar, ga kuma Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, ita kuwa uwar jami'ar tana Keffi.

Kowace shekara waɗannan makarantu suna yaye matasa masu takardun shaida a fannonin noma, kimiyya, injiniya da sauransu, alhali kuwa guraben aikin gwamnati ba su ƙaruwa daidai da yawansu. Wannan ne ya sa tambaya guda ta zama mai nauyi ga iyaye da malamai, wato shin ya kamata ɗalibin da ke karatun noma ko kimiyyar sinadarai ya haɗa da ilmin sarrafa kasuwanci a matsayin darasi na biyu, ko kuwa hakan raba hankali ne kawai.

A jami'o'in Amurka wannan tsari tsohon abu ne. Ɗalibi yakan zaɓi babban darasin da zai sami digiri a kansa, sa'an nan ya ƙara da ƙaramin darasi daga wani sashe, wanda galibi kwasa-kwasai biyar zuwa bakwai ne cikin shekaru huɗu na karatunsa. Idan kasuwanci ya zaɓa, zai bi ta kan lissafin kuɗi, tattalin arziki, dabarun talla, harkar jari da shugabancin ma'aikata, kuma za a rubuta masa wannan a takardar sakamakonsa. Nijeriya kuwa ta gaji tsarin Ingila, inda hukumar JAMB ke ba ɗalibi gurbi a darasi guda, ya shiga sashe guda, ya fita da sunan wannan sashen. Daga cikin abubuwan da suka yi kusa da darasi biyu a ƙasar nan akwai tsarin kwalejojin ilmi, irin ta Akwanga, inda mai neman takardar NCE kan haɗa darussa biyu na koyarwa.

Ba yau aka fara jin wannan giɓi ba. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da gwamnati ta tsuke ɗaukar ma'aikata, aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa domin koya wa matasa sana'o'i da ba su jari. Shekaru ashirin bayan haka, a 2006, Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin cewa kowane ɗalibin babbar makaranta, ko mene ne fanninsa, sai ya ɗauki darasin dogaro da kai ta hanyar kasuwanci. Hukumar Kula da Jami'o'i ta NUC ta aiwatar da shi a jami'o'i, hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna kuma ta yi haka a kwalejojin fasaha. A 2012 Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima ta ƙara da nata shirin koyar da sana'a a sansanonin masu hidima.

Sai dai akwai bambanci tsakanin wannan darasi na dole da cikakken darasi na biyu. Na dole kwas ɗaya ne ko biyu, ana ba da shi ga ɗaliban dukkan sassa a taro guda, kuma yawancin ƙarfinsa yana tafiya ne wajen zaburar da ɗalibi da koya masa wata sana'ar hannu, kamar yin sabulu ko kiwon kifi. Abin da ba ya samun isasshen lokaci shi ne ƙashin bayan harkar, wato ajiye littafin shiga da fita, fitar da farashin kaya daga ainihin abin da aka kashe, raba kuɗin gida da jarin sana'a, karanta sharuɗɗan rance kafin sa hannu, da sanin haƙƙin da doka ta ɗora wa mai kamfani.

Misali ɗaya ya isa ya nuna nauyin wannan. A ɗauka wani wanda ya gama karatun aikin gona ya karɓi rance ya sayi buhun riɗi a kan naira 100,000 lokacin kaka, da niyyar ya ajiye wata shida. Idan farashi ya tashi zuwa naira 120,000, zai ga kamar ya ci ribar naira 20,000. To amma idan rancen yana da kuɗin ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara, na wata shida ya cinye naira 15,000. Idan aka haɗa kuɗin ɗako, hayar sito, maganin ƙwari da raguwar nauyin kaya suka kai naira 5,000, ribar ta ƙare ƙurmus, kuma bai lissafa wahalarsa ba. Ilmin ƙasa da iri da taki, duk da ya ƙware a kansu, ba su ne za su nuna masa wannan ba.

Jihar Nasarawa kuwa wuri ne da irin wannan lissafi yake da amfani kullum. Yankin Lafiya, Doma, Awe, Obi da Keana ya shahara da doya, rogo, shinkafa, agushi da riɗi, kuma riɗin yana daga cikin manyan amfanin gona da Nijeriya ke fitarwa ƙasashen waje. Kamfanin Olam yana da babbar gonar shinkafa da injin casa a Rukubi cikin Ƙaramar Hukumar Doma, wanda aka buɗe a 2014, yayin da rukunin Dangote ya sa jari a aikin rake da sukari a Tunga cikin Ƙaramar Hukumar Awe. A 2024 kuma aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin lithium a jihar. Irin waɗannan kamfanoni suna hulɗa da ƙananan manoma, 'yan kwangila da masu kawo kaya, kuma duk wanda zai shiga wannan sahu sai ya iya rubuta ƙiyasi, ya cika alkawarin lokaci, ya kuma gabatar da takardun rajista. Shi kansa Injiniya Abdullahi Sule, wanda ya hau kujerar gwamnan jihar a 2019, fannin injiniya ya karanta kafin ya kai ga shugabancin kamfanin sukari na Dangote.

Har ila yau doka ta sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ba mutum guda damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai, maimakon mutum biyu da ake bukata a da. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin riba daga kamfanonin da cinikinsu bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, kafin sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 su sake fasalin tsarin. Amma ba mai cin gajiyar rangwamen haraji ko rancen Bankin Masana'antu sai wanda ke da littattafan da za su nuna cinikinsa.

Ƙofar da ta buɗe ga jami'o'i ita ce sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022. A ƙarƙashinta hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane fanni, ta bar wa majalisar malaman kowace jami'a kashi 30 domin ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Daga cikin wannan kason ana iya ware kwasa-kwasai huɗu ko biyar na kasuwanci, a jera su daga aji biyu zuwa na ƙarshe, ga ɗaliban noma da kimiyya da suka nuna sha'awa, ba tare da an ƙara musu shekara ba.

Masu ɗari-ɗari da shawarar suna da hujjojinsu. Fannoni irin su injiniya da likitanci suna ƙarƙashin hukumomin ƙwararru masu tsauraran sharuɗɗa, kuma jadawalinsu a cike yake. Sassan koyar da kasuwanci su ma suna fama da ɗimbin ɗalibansu, ƙarin wasu daga waje yana bukatar ƙarin malamai da azuzuwa. Akwai kuma masu cewa kasuwanci a kasuwa ake koyonsa, domin yaron shago da ya yi shekara biyar a gaban maigidansa a kasuwar Lafiya ya san bashi da ciniki da halin mai saye fiye da abin da allo zai ba shi. Wannan magana tana da gaskiya, sai dai saninsa yakan tsaya a inda banki ko kamfanin fitar da kaya ya nemi lissafi a rubuce.

Kafin jami'o'in su kai ga tsayar da tsari, ɗalibi yana da hanyoyin da zai bi da kansa. Yana iya amfani da guraben kwasa-kwasan zaɓi ya ɗauki lissafin kuɗi ko tattalin arziki na matakin farko. Yana iya neman a tura shi aikin koyon sana'a na SIWES, wanda Asusun Horas da Ma'aikata na ITF ke kula da shi, a kamfanin da zai ga ofishin kuɗi da sito tare da gona ko ɗakin gwaji. Bayan digiri kuma akwai babbar difloma a fannin gudanarwa, wadda aka tanada musamman domin waɗanda ba su karanta kasuwanci ba, ita ce kuma matakin shiga digiri na biyu na MBA, ga jarrabawar ƙananan akantoci ta cibiyar ICAN ga mai son zurfafawa a lissafi.

Dukkan waɗannan suna cin kuɗi da lokaci bayan an riga an bar makaranta. Saboda haka shawarar da majalisun malaman manyan makarantun Lafiya za su yanke a kan kason da aka bar musu na manhaja ita ce za ta nuna ko ɗan manomin Doma da ya karanta aikin gona zai fita da wannan ilmi cikin kuɗin makarantar da iyayensa suka riga suka biya, ko kuwa sai ya sake biya daga baya.