Hayar manhaja da dala: wa ya kamata ya biya a Kebbi?

Ɗan kwangilar da ke da ƙaramin ofis a Badariya, mai injiniya ɗaya, akanta ɗaya da masu lura da wurin aiki uku ko huɗu, da WhatsApp da littafin sito yake tafiyar da harkarsa. Sai ranar da aiki ya buɗe, aka ba shi ginin ajujuwa a Argungu da kwalbati a hanyar Kalgo a lokaci guda, sannan ake fara ba shi shawarar ya sayi manhajar tsara ayyuka. Sunayen da zai ji su ne Trello, Asana, Jira da Microsoft Project. Yawancinsu suna da matakai, daga na kyauta har zuwa na ƙoli da suke kira Enterprise, wanda aka yi wa manyan kamfanoni da hukumomi. A kan wannan mataki na ƙoli ne ake yawan zubar da kuɗi ba tare da an san abin da aka saya ba.

Galibi ba a sayar da waɗannan manhajoji a mallaka wa mutum. Haya ce, kuma kan mutum ake ƙirgawa, kowane wata, da dala. Trello ta daɗe tana sa matsakaitan matakanta a kan dala 5 da dala 10 ga kowane ma'aikaci a wata, Enterprise kuma dala 17.50 ga ofis mai mutum 50. Microsoft Project tana da na dala 10, da 30, da 55. Asana tana bayyana farashin ƙananan matakanta, wajen dala 11 da dala 25, amma na Enterprise sai ka tuntuɓi masu tallarta an yi ciniki, kuma galibi kuɗin shekara ake nema gaba ɗaya.

A ɗauki na Trello a buga lissafi. Mutum 50 a shekara ya kama dala 10,500. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kuɗin bai kai naira miliyan 5 ba. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai kuɗin nan ya doshi miliyan 16, alhali manhajar ba ta ƙara ko maɓalli ɗaya ba. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kai. A wancan farashin, kujera ɗaya, wato hayar ma'aikaci ɗaya, a wata ta haura naira 26,000, wato fiye da kashi ɗaya bisa uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ban sa kuɗin data ba, da na man janareto ko sola, da kwanakin da za a ɓata ana koya wa ma'aikata.

To, me ake samu? Allon raba ayyuka, ranar kammalawa, jadawalin da ke nuna wane aiki ke jiran wane, duk suna nan a matakan ƙasa. Abin da Enterprise ke ƙarawa iko ne da sa ido: ƙofar shiga guda ga dukkan ma'aikata, damar rufe asusun wanda ya bar aiki nan take, iyakance wanda zai ga wane fayil, da kundin da ke rubuta duk wanda ya taɓa wani abu da lokacin da ya taɓa. Wasu kamfanonin suna haɗawa da zaɓin ƙasar da za a ajiye bayanai da kuma mai amsa kira dare da rana.

Wannan kundi shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. A ce an rubuta buhun siminti 600 sun shiga sito ranar Litinin, sai ranar Alhamis adadin ya koma 450. A littafin takarda, biro ya gyara, magana ta mutu. A WhatsApp, an goge saƙo, ko an ce wayar ta faɗa ruwa. A tsarin da ke riƙe tarihin komai, odita zai ga asusun da ya canza adadin, da ƙarfe nawa, wani lokaci har daga wace na'ura. Duk wanda ya taɓa zaman sasanta rikici tsakanin mai sito da ɗan kwangila, kowa na rantsuwa, ya san darajar wannan layi guda. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora wa duk mai riƙe da sunaye da lambobin mutane alhakin tsare su, don haka sanin wa ya buɗe me ya zama wajibi ga manya.

Manyan kuwa akwai su a Kebbi. Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwambar 2015, harkar shinkafa ta zama ta dubban manoma, da bashin iri da taki, da karɓar shanshera bayan girbi. Kamfanin WACOT ya buɗe masana'antarsa a Argungu a 2017, ga Labana a Birnin Kebbi. Ga kuma ofisoshin ayyukan da Bankin Duniya ke tallafawa, irin su AGILE na karatun 'yan mata da ACReSAL na farfaɗo da ƙasa, inda kowane kwabo sai an yi bayaninsa. Wuraren da ke da rassa da yawa, da ma'aikata masu shiga da fita, da masu bincike daga waje, su ne za su iya cin ribar wannan kuɗi. Ko su ɗin ma bai kamata su saya wa kowa kujera ba. Malamin gona da ke zagaye fadamar Rima a kan babur yana duba dashe, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, fom a waya ya ishe shi, irin na KoboToolbox da ake cikewa ba intanet, a tura in an samu. Kujera mai tsada ta masu amincewa da fitar kuɗi ce.

Shi kuwa mutuminmu na Badariya, sayen Enterprise a wurinsa kamar hayar tirela ce don ɗaukar buhu goma. Matakin kyauta ko na dala 5 zai yi masa. In yana da yaro mai ilimin kwamfuta, kuma Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna yaye irinsu duk shekara, akwai OpenProject da Redmine da ake saukewa kyauta a ɗora a na'urar ofis. Albashin yaron da naira ake biya, kuma a garin zai kashe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin jama'a. Manhaja ba ta tilasta wa shugaba gaskiya. In darakta ya miƙa wa sakatarensa kalmar sirri, ko mutum biyar suna shiga da asusu ɗaya don a rage kuɗi, kundin nan ya tashi daga aiki, an biya miliyoyi a banza. Haka in ana yanke shawara a waya da dare, sai da safe a cike allo don idon baƙi. Hukumar da za ta sa hannu ya kamata ta fara amsa wasu tambayoyi a rubuce: wa zai karanta kundin, kuma sau nawa? Da sunan wa aka buɗe babban asusun, na hukuma ne ko na wani kwararre da kwangilarsa za ta ƙare baɗi? In tallafi ya yanke, daga wane kasafi za a sabunta hayar?

Tambayar fita ma tana da nauyi. Kamfanin Atlassian, mai Jira da Trello, ya daina kula da nau'in Server, wanda ake ɗorawa a na'urar ofis, a watan Fabrairun 2024, kuma ofisoshin da suka ɗora aikinsu a kansa dole suka koma hayar intanet ko wani tsari mafi tsada. Saboda haka kafin a biya kuɗin shekarar farko, a gwada fitar da bayanan gaba ɗaya zuwa Excel, da hotunan wurin aiki da takardun biya, a tabbatar suna buɗuwa a kwamfutar ofis ba tare da manhajar ba.