Hanyoyin Samun Kuɗi a Gasar Firimiya ta Nijeriya

An fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Nijeriya a shekarar 1990. Irin wannan gasa kan sami kuɗi ta hanyoyi uku, wato kuɗin ƙofa da tallafin kamfanoni da kuma sayar da haƙƙin nuna wasa a talabijin. Ta ukun ce ta fi tsoka, sai dai ba ta cika ɗorewa ba. Alal misali, SuperSport ya daina nuna gasar a 2017, a 2023 kuma aka ƙulla yarjejeniya da StarTimes. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyoyi kamar Kano Pillars suke dogaro da gwamnatocin jihohi. Shi kamfani yawan 'yan kallo yake saye. Muddin gidajen kallo na Dogarawa da Samaru sun fi cika ranar wasan Ingila, da wuya darajar gasar gida ta ɗaga.