Gungawan da Gungunsu Ya Nutse: Yadda Aka Saba da Sabon Zama a Bakin Tafkin Kainji

Gungu a Hausa tsibiri ne a tsakiyar kogi. Daga nan Hausawa suka raɗa wa mazauna tsibiran Kwara na ƙasar Yawuri suna Gungawa, ko da yake su Reshe suke kiran kansu. A 1968 aka toshe kogin a Kainji, ruwa ya taru ya haɗiye mafi yawan gungayen, mutane suka wayi gari a kan tudu suna amsa sunan wurin da ya riga ya nutse. Har yau a Ƙaramar Hukumar Ngaski akwai mazaɓar da ake kira Utono da Hoge, alhali Hoge, babban tsibirin da ya ba ta rabin sunanta, mafi yawansa yana ƙarƙashin ruwa.

An soma ginin madatsar a 1964. Da ta cika, tafkin ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 1,300, ya miƙe fiye da kilomita 130 daga Kainji har Yelwa. An tayar da mutane kusan 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200: Gungawa, Kambari, Lopawa, Shangawa, Bussawa da Hausawan Yawuri. Tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, ya nutse ɗungurungum, aka gina Sabuwar Bussa a madadinsa. In aka gwada da madatsar Akosombo ta Gana, wadda ta tayar da mutum kusan 80,000, ko ta Aswan da ta sa aka kwashe mutanen Wadi Halfa na Sudan zuwa ɗaruruwan kilomitoci, ƙaurar Kainji mai sauƙi ce. Yawancin mutane ba su yi nisa ba. Wasu daga sabon gidansu suna hango inda tsohon yake.

To amma a nan gizo ke saƙar. Wanda aka matsar da shi tafiyar sa'a guda ya fi jin baƙunci a kan wanda ya taso daga uwa duniya ya sauka a bakin tafkin nan. A ganina dalilin ɗaya ne: wani ya iso da sana'arsa a hannu, wani kuwa tasa ta nutse tare da gidansa.

Hukuma ta fi mayar da hankali ga gidaje. Da farko kuɗin diyya aka yi niyyar bayarwa kowa ya gina nasa, daga baya aka ga abin ba zai kammala kafin ruwa ya iso ba, sai Hukumar Madatsun Ruwan Neja ta ɗauki ginin da kanta. Wani Bature masanin zanen gini, Robin Atkinson, ya tsara gidajen bulo da rufin asbesto mai lanƙwasa, yana ƙoƙarin kwaikwayon tsarin gidan gargajiya. A takarda abin ya ƙayatar. Sai dai gidan ƙauye abu ne mai rai: a yi aure a ƙara ɗaki, ɗa ya girma a yanka masa sashe, damina ta ci bango a kwaɓa ƙasa a yaɓe. Gidan siminti ba ya yarda da haka. In rufinsa ya tsage, ba a samun irinsa a kasuwar ƙauye. Abin da mutane suka yi shi ne suka kewaye ginin gwamnati da ɗakunan ƙasa da jinka da rumbuna, har ya koma ɗaki ɗaya a cikin gidan da suka gina da hannunsu. Wannan matsala ce da aka shawo kanta cikin 'yan shekaru.

Ta gona ce ta daɗe. Kwara a wannan yanki cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa mai laka na daminar gida, sannan baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso nan cikin hunturu. Bagunge ya san lokutan nan kamar yunwar cikinsa. A kansu ya gina noman rani: ya kafa jigo a gaɓa, ya ɗebo ruwa ya ba fangalin albasa, a ƙasar da kogi ke sabunta mata taki kowace shekara. Albasar Yawuri ta yi suna tun kafin a yi mafarkin madatsa. Da aka hau da shi tudu, sai aka ba shi gonar dawa da gero, noman da Bakambare ya fi shi ƙwarewa a kai. Jigo kuma ba ya aiki a bakin tafki, domin ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana sauka da mita da yawa kowace shekara gwargwadon buƙatar injinan lantarki, gaɓar ta ja baya da nisa ta bar jigon a busasshiyar ƙasa. Dattijon da ya share shekara arba'in yana gwanin albasa ya koma ɗan koyo a gonar tudu. Babu diyyar da ta lissafa wannan asara, don ba gini ba ne balle a ƙirga ɗakunansa.

A daidai wannan lokaci masunta suka yi ta kwararowa. Sarkawa daga Argungu da sauran ƙasar Kabi, da wasu daga Nupe da kudu, suka ji labarin kifi ya yi arha a sabon tafki, domin dajin da ya nutse ya zama abinci da maɓoya ga ƙarfasa da giwan ruwa. Ba wanda ya gina musu gida. Suka kafa bukkoki a gaɓa, suka haɗa wurin banda, suka nemi izinin sarkin ruwa, washegari suna kan jirgi da kalli da mamari. Sun iso da jari, da dillalan da suka saba da su, da 'yan'uwan da za su bi sawunsu. Garaɓasar ba ta ɗore ba, kamun ya faɗi warwas kafin ƙarshen shekarun 1970, amma kafin nan baƙi sun riga sun kafu, tungayensu sun zama ƙauyuka.

Abin da ya farfaɗo da 'yan gida ba ya cikin tsarin kowa. Manoma suka lura cewa ƙasar da tafki ke bari in ya janye tana riƙe danshi, suka bi ta da shuka. Makiyaya suka samu ciyawar burgu. Daga shekarun 1980 kuma ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur ya yaɗu, shi kuwa ana ɗaukarsa a bi ruwa duk inda ya ja. Albasa ta dawo. Wolf Roder, wanda ya wallafa littafi a 1994 kan yadda mutane suka saba da tafkin, yana cikin waɗanda suka sa ake lissafa Kainji a jerin ƙaurace-ƙauracen da ba su ƙare da baƙin labari ba. Na yarda da haka, da sharaɗin a tuna cewa tsara guda ce ta biya kuɗin jiran.

Akwai kuma farashin da ba a gani a kasuwa. Tsibiri katanga ce ga harshe da al'ada. A kan tudu Bagunge ya haɗa rijiya da kasuwa da makaranta da Bahaushe, ya kusanci fadar Yelwa, inda sarautar Yawuri ta zauna tun zamanin Sarki Abdullahi Abarshi. Frank Salamone ya yi rubutu a 1975 kan yadda Gungawa ke zama Hausawa. Abin ya girmi madatsa, amma ƙaura ta ƙara masa gudu. Yaron da ya tashi da Hausa ya samu sauƙin zama a Kwantagora ko Sakkwato ko Legas. Kakarsa kuwa ta rasa mai yi mata hira da harshen da ta yi tashe da shi. Bikin Rigata da ake yi a Yawuri yana nuna gwanintar tuƙi da iyo, sai dai bikin shekara ba ya koya wa yaro harshe.

Tafkin ya kuma raba dangi gaɓa biyu, jirgi ya zama hanyar zumunci da cin kasuwa, a ruwan da kututturan tsohon daji ke tsaye a ƙarƙashinsa. A watan Mayun 2021 jirgin da ya yi lodi fiye da kima ya kife kusa da Wara, aka rasa mutane masu yawan gaske. Hukumar HYPPADEC, da aka yi wa doka a 2010 don kula da al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, sai bayan shekara goma ta soma aiki.

Yanzu wata ƙaurar ce ake yi, ba ta ruwa ba. Tun sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, hare-haren 'yan bindiga a sassan Ngaski da Shanga sun sa iyalai barin ƙauyuka zuwa manyan garuruwa irin su Yelwa. Mai ɗinki da mai gyaran babur sukan samu rumfa su ci gaba. Manomin tudu, wanda dukiyarsa gona ce da rumbu da shanun huɗa, shi ke zaune a zauren ɗan'uwansa yana jiran labarin ko hanyar gida ta buɗe kafin ruwan shuka.