Hannun da ke yi maka magani, kada ka kare shi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Lugu da kewaye, yau za mu yi zance a kan ɗakin gaggawa na asibiti. Nan ne ake kai wanda ciwo ya kayar, ko dare ko rana. Nan ne kuma aka fi yin faɗa tsakanin masu jinya da ma'aikatan lafiya.

Matsalar ba ta Arewa kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce cikin ma'aikatan lafiya 100, daga 8 zuwa 38 sun taɓa shan duka a bakin aiki. Masu shan zagi sun fi haka yawa.

Mene ne ke kawo faɗan?

Ga misali. Damina ce. Yaro ya kwana uku da masassara. Ubansa ya kai shi gidan likita na karkara, aka ce ciwon ya fi ƙarfinsu, sai Dogon Dutsi. Ya sayar da akuya, ya biya mota. Ya iso a gajiye, ya zauna yana jira. Can sai ga wata mace an shigo da ita tana zubar da jini. Aka wuce da ita ciki. Uban yaro ya tashi da fushi, ya ce: "Ni na riga ta zuwa! Don ni baƙauye ne?" Daga nan sai zagi, sai cin kwala.

Mutumin nan yana son ɗansa. Amma akwai abin da bai sani ba.

Ɗakin gaggawa ba bakin rijiya ba ne

A rijiya, wanda ya riga zuwa shi ke fara jefa guga. A ɗakin gaggawa ba haka ba ne. Ana raba marasa lafiya kashi 3.

Kashi na 1: waɗanda ransu ke cikin hatsari yanzu-yanzu. Mai jijjiga, wanda ya suma, wanda numfashi ya gagara, mai zubar da jini da yawa. Su ake fara dubawa.

Kashi na 2: masu ciwo mai tsanani, amma za su iya ɗan jira kaɗan.

Kashi na 3: waɗanda za su iya bin layi.

Wannan tsari ba wulaƙanci ba ne. Gobe in ɗanka ne ya suma, shi za a fara ɗauka.

Abin da ba laifin ma'aikaci ba ne

Likitoci ba su da yawa a Nijar. Likita ɗaya yana da mutum fiye da dubu 20 a wuyansa. Da damina kuwa, masassarar cizon sauro tana cika gadaje.

Tun shekarar 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma sau da yawa kuɗin da za a mayar wa gidajen likita sun yi jinkiri, magani ya yanke. In an rubuta maka takarda ka sayo a waje, ba lalle ma'aikaci ya ɓoye maganin ba ne. A shekarar 2024 kuma gwamnati ta rage rabin kuɗin duba marasa lafiya a asibitocinta. Ka tambayi farashi, ka karɓi takardar shaidar biya.

Haka zancen jini. Ba a ƙera jini, daga jikin mutum yake fitowa. In an ce dangi su bayar, ku bayar.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Gaskiya ɗaya ce. Akwai ma'aikatan da ke da kaushin baki. Akwai masu barin mutum a tsaye, ba su ce masa komi ba. Mu ce musu: kalma mai daɗi rabin magani ce. Ku gaya wa uba abin da ake jira, da abin da za a yi wa ɗansa. Wanda aka yi wa bayani ba ya saurin fushi.

In an ɓata maka, akwai hanya. Ka kai kuka wurin shugaban gidan likita. Ka gaya wa kwamitin lafiya, wanda mutanen gari ke ciki. Ka sanar da maigari ko magajin gari. In abin ya yi girma, akwai babban likitan gunduma a Dogon Dutsi da Tibiri. Amma duka ba hanya ba ce. Dukan ma'aikacin gwamnati a bakin aiki laifi ne, yana kai mutum gaban alƙali. Kuma lokacin da ake rabon faɗa, wa ke duba marar lafiyarka? Ma'aikacin da aka daka yau, gobe zai nemi a sauya masa gari. Mu ne za mu rasa.

Abubuwa 5 da za mu riƙe

1. Mu kai marar lafiya da wuri, kada mu jira sai ya galabaita.
2. Mutum ɗaya ko biyu su shiga da shi. Sauran su jira a waje.
3. Mu bar sanda da wuƙa da takobi a gida.
4. Mu tafi da katin yaro da takardar da gidan likita ya ba mu.
5. In jikin marar lafiya ya sake muna cikin jira, mu gaya wa ma'aikaci nan take, cikin ladabi.

Ɗan uwa mai karatu, ka karanta wa maƙwabcinka wannan labari. Ku tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci. Wa za ku zaɓa a garinku, mai sanyin rai, ya riƙa raka marasa lafiya? Rigakafi ya fi magani, har a wajen faɗa.