Ina kwali da ledar kayan intanet ke ƙarewa?

Kayan da aka saya ta intanet, daga Jumia ko hannun 'yan kasuwar WhatsApp, kan iso ne cikin kwali da leda. Kwali yana da kasuwa: 'yan bola-jari na sayensa da kilo, masana'antu su markaɗa shi su yi kiret ɗin ƙwai. Wanda ruwa ko mai ya ɓata ba ya daraja, saboda haka a ɓare salatif, a ninke shi, a adana a busasshen wuri.

Leda ce matsalar, domin mai sayenta ba shi da yawa. A Kaduna takan toshe kwalbati da damina. A garuruwan manoma da makiyaya irin su Randagi a Birnin Gwari kuwa, awaki da shanu ke haɗiye ta, ta cushe tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu.